Gasar Mata a Kan Ƙanƙara da Sandunanmu da Gara Ta Ci

Ranar Lahadi, 23 ga watan Maris na shekara ta 2025 ta Miladiyya, ana cikin goman ƙarshe na azumin 1446 bisa lissafin Hijira, zafin bazara ya kai inda ko inuwar darbejiya ba ta da wani amfani a ƙasar Katsina. A wannan rana ce 'yan matan jami'o'i biyu na Amurka, Jami'ar Wiskonsin da Jami'ar Jihar Ohayo, suka kara a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a birnin Miniyapolis. Mu kaɗan ne muka bi labarin. Mun haɗa kawuna bisa wayar hannu guda ɗaya, hoton yana tafiya yana tsayawa saboda raunin intanet. Wani abokinmu ya leƙo, da ya ga abin da muke kallo sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mutanen Tamawa, waɗanda ba su san ƙanƙara ba sai wadda ke cikin kular mai sayar da zoɓo, me ya haɗa su da wannan? Tambayarsa tana bisa hanya, ita ce kuwa ta sa muka ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai taɓa gani ba, filin wasan ruwa ne aka daskarar, aka kewaye shi da katanga. Kowane ɓangare mutum shida ne, har da mai tsaron gida. Suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, da shi suke sulɓi bisa ƙanƙarar, kowace tana riƙe da doguwar sanda mai lanƙwasa a baki. Abin da suke bugawa wani ɗan faifan roba ne, baƙi, mai tauri, bai cika tafin hannu ba. Ana yin minti 60, an raba shi kashi uku.

Ohayo ce ta fara rinjaye, har ta kai ci 3 da 1. Wiskonsin ta rama ɗaya, aka yi ta fafatawa a kan 3 da 2 har lokaci ya kusa cika. Ana saura ƙasa da daƙiƙa 19 a tashi, alƙalai suka duba hoton bidiyo, suka ga wata 'yar Ohayo ta danne faifan da hannu a bakin ragarsu. Hukuncin wannan laifi shi ne bugun daga kai sai mai tsaron gida. Mai horar da Wiskonsin, Mark Johnson, ya juya ga 'yan wasansa ya tambaya wace ce za ta ɗauka. Wata ɗaliba mai suna Kirsten Simms ta ɗaga hannu. Ta je, ta yaudari mai tsaron gidan, ta jefa. Aka shiga ƙarin lokaci, kafin a cika minti uku ita ce dai ta sake jefawa, aka tashi 4 da 3. Kofi na takwas ke nan da jami'arta ta ɗauka. Abin da ya ƙara wa karawar zafi kuwa, waɗannan jami'o'i biyu su ne suka haɗu a wasan ƙarshe na 2023, Wiskonsin ta ci ɗaya da nema, su ne kuma suka haɗu a 2024, Ohayo ta rama da ɗaya da nema.

Wasan ya ƙayatar, babu shakka. Amma abin da ya tsaya mana a rai bayan mun ajiye wayar wani abu ne dabam, wanda ba ya buƙatar hoto: jerin shekaru da sunayen waɗanda suka ci. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta fara wannan gasa ta mata a 2001 da ƙungiyoyi huɗu kacal. Reshen Jami'ar Minesota da ke garin Duluth ne ya ci kofuna uku na farko a jere. A 2005 aka mai da ƙungiyoyin takwas, a 2022 suka zama 11. Daga 2001 zuwa 2025 sau ɗaya aka fasa, a 2020, saboda annobar korona. Duk wanda ya so, zai iya zama ya karanta cewa a 2013 matan babbar Jami'ar Minesota sun yi wasa 41 sun ci 41, ba a doke su ba, ba a yi kunnen doki da su ba. Zai karanta cewa wata ƙaramar jami'a mai suna Clarkson, a wani ɗan gari na arewacin Jihar New York, ta ɗauki kofin a 2014 da 2017 da 2018. Kowace shekara tana da layinta, ba a tsallake ba, ba a ce takardun sun ɓace ba.

Wannan jeri shi ne dukiyar gasar. Yarinya 'yar shekara goma a ƙauyen Minesota ta san cewa in watan Maris ya zo za a yi wasan ƙarshe, ta san haka aka yi bara, haka kuma za a yi ran da ta isa shiga jami'a. Saboda haka tana da abin da za ta sa a gaba. Mahaifinta ya san akwai jami'o'in da ke ɗaukar nauyin karatun wadda ta ƙware, saboda haka in ya tashi da asuba ya kai ta wurin horo bai ɗauka ɓata lokaci yake ba. Mai bin gasar kuma yana da abin da zai kwatanta: bana da bara, wannan da waccan. Ba a iya bin abin da ba a san ranar zuwansa ba.

Kada kuma a ɗauka da safe ɗaya suka farka suka tarar da wannan. A Amurka, Jami'ar Brown ce ta fara kafa ƙungiyar mata ta wannan wasa a 1964, lokacin da samun abokan karawa ma aiki ne. A 1972 majalisar Amurka ta zartar da wata dokar ilimi, wadda sashenta na tara ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin namiji da mace, har da sha'anin wasanni. A 1994 Jihar Minesota ta zama ta farko da ta amince da wasan a matsayin gasar 'yan mata ta makarantun sakandare. A 1998 aka shigar da na mata cikin wasannin Olamfik na hunturu a Nagano ta Japan, matan Amurka suka ci zinariya. Sai a 2001 aka kai ga gasar da muke magana. Daga ƙungiyar farko zuwa kofin farko shekara 37 ke nan. Zauren da aka yi wasan ƙarshe na 2025 a cikinsa, a 2002 aka buɗe shi, domin ƙungiyar matan jami'ar aka gina shi.

Ba muna cewa can aljanna ce ba. A 2017 Jami'ar Dakota ta Arewa ta rushe ƙungiyarta ta mata baki ɗaya da sunan tsimin kuɗi, alhali tana da 'yan wasan da suka je Olamfik. Wasa ne mai tsada, na 'ya'yan masu hali, kuma baƙar fata ba su da yawa a cikinsa: sai a 2022 Sarah Nurse ta Kanada, tsohuwar ɗalibar Wiskonsin, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci zinariyar Olamfik a wannan wasa. Har zuwa 2025 kuma jami'o'i biyar kaɗai suka taɓa ɗaukar kofin. Suna da nasu ciwon. Abin da muke nuni da shi guda ɗaya ne, watau ranar da ba ta tashi da littafin da ba ya ɓacewa.

To, mu dawo gida. Mu ma muna da gasar jami'o'i ta ƙasa, NUGA, wadda aka fara a Badun a 1966, shekara 35 kafin waccan ta matan Amurka. Kwalejojin ilimi suna da tasu, NICEGA, na fasaha kuma suna da NIPOGA. Ƙwallon gora yana cikin wasannin da ake yi, mata suna shiga. Bisa tsari duk shekara biyu ya kamata a yi NUGA. Amma an yi a Ile-Ife a 2014, sai Makurɗi a 2017, sai Legas a 2022, inda Jami'ar Fatakwal ta zo ta ɗaya. Ɗalibar da ta shiga jami'a bayan an tashi daga Makurɗi tana iya kai ajin ƙarshe ba ta ga gasar ba ko sau ɗaya. Shekarun ƙarfin 'yar wasa ba su da yawa, ba sa kuma jiran a gama yajin aiki ko a saki kuɗi. Mu kuma tambayi kanmu tsakani da Allah: a cikin dukkan masu karanta wannan mujalla, wa zai iya faɗin jami'ar da matanta suka ci ƙwallon gora a Legas? Mu da muka iya faɗin wadda ta jefa ƙwallo a Miniyapolis, da daƙiƙar da ta jefa, mun fi kowa jin kunyar wannan tambaya.

Wani zai ce wasan baƙo ne, ba namu ba. Wannan magana ba ta da ƙarfi a ƙasar Katsina musamman. Da yawa daga cikinmu mun buga ƙwallon goruba da lanƙwasasshiyar sanda a bayan gari tun ba mu san akwai wani abu mai suna filin wasa ba. In kuwa maganar abin da ya zo daga waje ce, ai folo ma baƙo ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa har sunansa ya ƙetare teku, yau ba wanda zai ce folo ba na Katsinawa ba ne. Haka wasan fayib, na bugun ƙwallo da hannu a jikin bango, wanda malaman Turawa suka kawo makarantun Arewa a zamanin Kwalejin Katsina, ya zauna daram a nan alhali a Ingila kanta makarantu ƙalilan ke yin sa. Me ya zaunar da waɗannan? Sun sami masu riƙo, sun sami fili, sun sami gasa da ake jira shekara-shekara. Sai dai duk wannan gado na maza ne. Ba a taɓa yi wa 'yan mata irin wannan riƙo ba, sannan a juyo a ce ba su da sha'awa.

Ƙarfi dai ba su rasa shi ba. Duk wanda ya tashi a Tamawa ko wani ƙauye tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ya san yarinyar da ke ɗauko tulu daga rijiya sau biyar kafin hantsi, ta yi surfe, ta yi daka, da dare kuma ta fita dandali ta yi gaɗa har a kira ta. Ya san ranar gasar gidaje ta makarantar sakandare, rana ɗaya tak a shekara, da ake share fili a zuba farar ƙasa, a gayyato manyan baƙi. A makarantar da wasunmu suka yi akwai wata yarinya da ta yi shekara uku ba wadda ta sha gabanta a tseren mita 400, ba takalmi take gudu ba. An ba ta bokitin roba da sabulu, aka tafa mata. Ba a rubuta lokacin da ta yi ba, domin ba wanda ya zo da agogo. Yau in aka tambaya ko ta kai a kai ta gasar jiha, ba mai iya amsawa, ita kanta ba ta sani ba.

Waɗanda suka sami inda aka riƙe su kuwa, duniya ta ji su. Tobi Amusan, 'yar Ijebu-Ode, ta tafi Jami'ar Teksas da ke El Paso, ta ci gasar jami'o'in Amurka ta tseren tsallake shinge a 2017, sannan a watan Yuli na 2022 ta kafa tarihin duniya na mita 100 da daƙiƙa 12.12. Nawal El Moutawakel ta Maroko, wadda ta ci zinariya a Los Anjeles a 1984, ɗaliba ce a Jami'ar Jihar Ayowa a lokacin. Matan Nijeriya na ƙwallon kwando, waɗanda a Faris a 2024 suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen takwas na ƙarshe a Olamfik, da yawansu a jami'o'in Amurka suka goge, har da mai horar da su, Rena Wakama. Muna murna da su, muna kuwa da haƙƙin yin murna. Amma gonar wani ce ta yi renon irin. A ƙwallon gora kansa, zinariyar farko ta mata a tarihin Olamfik Afirka ta zo: matan Zimbabuwe ne suka ci ta a Mosko a 1980, 'yan watanni bayan ƙasarsu ta sami mulkin kai, an kuwa gayyace su ne a ƙurarren lokaci domin wasu ƙasashe sun ƙaurace. Abin lura shi ne dukkansu fararen fata ne, 'ya'yan makarantu da kulob-kulob ɗin da suka daɗe suna gasa a tsakaninsu. Da gayyata ta zo, akwai waɗanda za a tura. A nan kusa da mu ma, Kaduna tana da ƙungiyar mata ta Kada Queens da ke shiga gasar ƙasa. Ba sai an haye teku za a ga macen Arewa riƙe da sanda ba.

Yanzu mu duba jami'ar nan tamu, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kowace ɗaliba tana biyan kuɗin wasanni ranar rajista, daidai da abin da ɗalibi namiji ke biya, ba a rage mata ko kwabo. Daga la'asar zuwa magariba filin ƙwallon ƙafa na maza ne, na kwando na maza ne, ɗan abin da ya rage ciyawa da tumakin ma'aikata sun raba. Yammacin Laraba da aka ce an keɓe domin wasanni, malamai sun cika shi da darussan ramuwa. Da muka nemi a buɗe mana ɗakin ajiyar kayan wasa, mun tarar da sandunan ƙwallon gora a jingine a lungu, an sayo su tun wani zamani, gara ta bi ta cikin mafi yawansu. Ba za mu ɗora wa mutum ɗaya laifi ba, domin mu ma da muke zaɓen Daraktan Wasanni na Ƙungiyar Ɗalibai kowace shekara ba mu taɓa tambayar ɗan takara abin da ya tanadar wa mata ba. Su kuma 'yan'uwanmu mata suna jefa ƙuri'a, suna biyan kuɗi, suna wucewa ta gefen fili da littattafansu.

Akwai masu adawa da wannan magana bisa dalilin addini da sutura, kuma ba mu ɗauke su da wasa ba, domin iyayenmu ne da malamanmu, damuwarsu kuwa tamu ce. Ba muna kiran a fito da 'ya'yan mutane cikin gajeren wando gaban taron samari ba. Ƙwallon gora ana yin sa da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi, ba abin da zai ragu. Hukumar dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ta halatta rufe kai tun 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017, saboda haka ko wadda ta kai matsayin wakiltar ƙasa ba a tilasta mata ta tuɓe lulluɓinta. Fili kuwa ana iya kewaye shi, a keɓe sa'o'in da mata kaɗai ke shiga, alƙalai mata, masu horarwa mata, 'yan kallo mata. Ɗaliban sashen koyar da motsa jiki na kwalejojin ilimi suna nan suna neman inda za su gwada abin da suka koya. Malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa a karo na farko, bayan shekaru ya tsere mata. A ƙasar da Nana Asma'u ta shirya 'Yan Taru, mata suna koyar da mata ƙauye-ƙauye cikin tsari da kamun kai, bai kamata shirya wa mata fili nasu ya gagare mu ba. Wanda ya ce sutura ce damuwarsa, ga hanyar sutura. Wanda kuma bayan an yi duk wannan ya ce har yanzu bai yarda ba, sai ya fito da ainihin dalilinsa mu ji.

Maganar tsaro ta fi wannan nauyi. Ba wanda ya fito daga yankinmu da zai yi mata riƙon sakainar kashi. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Oktoba na 2023 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Uban da ya ce ba zai bar 'yarsa ta hau mota zuwa wata jiha domin wasa ba, ba ƙauyanci ne ya sa shi ba. Amsarmu ita ce kada a fara da tafiya. A fara a cikin harabar makaranta, da rana tsaka, tsakanin ɗakunan kwana ko tsakanin tsangayoyi. Garin Dutsin-Ma ma Allah ya ba shi abin da garuruwa da yawa ba su da shi: jami'ar tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, duk a gari ɗaya. Matan waɗannan makarantu biyu za su iya karawa kowace shekara, a tashi kafin la'asar sakaliya. Birnin Katsina kuma yana da manyan makarantu fiye da biyu da za su yi haka a tsakaninsu. In hanya ta yi kyau wata rana, zakarun nan da na can su haɗu. Barin fili ya zama kufai domin tsoro wata nasara ce da muke miƙa wa ɓarayin daji ba tare da sun nema ba.

Kuɗi fa? Nan ne kwatancin da ƙanƙara yake yi mana daɗi. Su sai sun gina zaure, sun sa injin daskarar da ruwa yana aiki dare da rana, kowace 'yar wasa ta sa sulke tun daga kai har ƙafa. Mu sanda ce da ƙwallo da abin kare ƙwauri, sai kayan mai tsaron gida. Cikakken wasa mutum 11 ne kowane ɓangare, amma akwai na mutum biyar-biyar, wanda filinsa bai kai rabin babban ba, har an yi masa gasar cin kofin duniya ta farko a Maskat ta ƙasar Oman a watan Janairu na 2024. Abin da Ƙungiya ke kashewa a daren liyafar miƙa mulki, da lemo da kaji da hayar kujeru, zai sayi sandunan ƙungiyoyi huɗu.

Abin da muke tsoro ba rashin farawa ba ne. Mun iya farawa. Za a yi bikin buɗewa, a kira mai girma wane, a yanka kyalle, a raɗa wa kofin sunan shugaban Ƙungiya mai ci. Shekara ta zagayo, sabon shugaba ya hau, ya ga kofin yana ɗauke da sunan wanda ya kayar, sai ya bar shi ya mutu ya ƙirƙiro nasa. Mu mutanen Dutsin-Ma ba sai an ba mu labarin aikin da aka fara aka bari ba: madatsar ruwa ta Zobe an gama ta tun 1983, amma sai a 2021 aka yi bikin buɗe aikin kai ruwan shanta ga garuruwa. Yaran da aka haifa shekarar da aka gama ginin sun kusa shekara arba'in suna kallon ruwan daga nesa. Saboda haka muna roƙon Majalisar Wakilan Ɗalibai ta rubuta gasar mata cikin tsarin mulkin Ƙungiya, da makonta a kalandar zangon karatu, yadda shugaban da ya fasa ta zai tsaya gaban majalisa ya yi bayani. Kofin kada a sa masa sunan kowa. A ware masa kaso sananne daga kuɗin wasanni, a kuma buga a allon sanarwa nawa aka karɓa daga hannun mata, nawa aka kashe a kansu. A sayi littafi mai kauri, a rubuta kowane wasa, da ranarsa, da waɗanda suka buga, da waɗanda suka ci, a ajiye shi a ɗakin karatu na jami'a inda canjin shugabanni ba ya kaiwa.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu fita, kuna ma'aikatar ilimi, ko hukumar wasanni, ko sakatariyar ƙaramar hukuma a Kurfi da Dutsin-Ma, wannan magana ta shafe ku fiye da yadda kuke zato. Ƙaramin ma'aikaci ba ya sa hannu a kasafin kuɗi, amma shi ke rubuta daftarin farko, shi ke tuna wa maigida cewa lokacin abu kaza ya yi, shi ke riƙe fayil. Wanda a cikinku ya sa aka aika wa makarantun 'yan mata takarda cewa ranar gasar gidaje a zo da agogo, a rubuta lokacin kowace mai tsere, a aiko da kwafi ofis, ya yi aikin da zai fi shekarunsa na aiki daɗewa.

Saura mu, 'yan kallo. Wani zai ce in an kewaye fili an hana maza shiga, ta yaya za su bi gasar? Yadda muka bi ta Amurka mana. Mafi yawan abin da muka sani game da ita ba da ido muka gani ba, a rubuce muka karanta. Mu ne muke biyan kuɗi a gidan kallo duk Asabar, muna musu har muryarmu ta dushe a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen, mun haddace sunayen 'yan wasan da ba su san akwai wani gari wai shi Kurfi ba. Ba mu ce a daina ba, mu ma muna zuwa. Amma wanda ya iya riƙe teburin gasar Ingila a ka, ba zai gaza riƙe sakamakon wasa shida na 'yan ajinsu ba. Muna roƙon editocin wannan mujalla su ba da rabin shafi a kowace fitowa domin wannan, ko da a farko ba abin da za a buga sai cewa ɗakin kwana kaza ya ci ɗakin kwana kaza biyu da ɗaya. Mu da muka rubuta wannan mun ɗauki alkawarin kawo sakamakon, muddin 'yan'uwanmu mata suka ba mu wadda za ta riƙa rubuto shi daga cikin fili.

Abokin nan namu da ya yi mana dariya, da muka karanta masa daftarin wannan rubutu, ya yi shiru, sannan ya ce ƙanwarsa tana aji biyu a nan, kuma a sakandare ita ce kyaftin ɗin gidansu. Shi ne ya raka mu muka koma ɗakin ajiya muka fito da sandunan nan rana, muka ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya a kan siminti. Guda huɗu ne suka yi ƙara irin ta itace mai lafiya. Wasan biyar-biyar yana buƙatar goma. Majalisa za ta zauna kan kasafin kuɗin Ƙungiya a farkon zango mai zuwa, za mu kuwa je da sandunan huɗu a hannu mu nemi a sayo shida.